Gefe Huɗu Ba Shi Ne Murabba'i Ba

In aka tambayi manomin masara a Faskari ko Sabuwa siffar gonarsa, zai ce mai kusurwa huɗu ce. Gaskiya ya faɗa, sai dai masu gefe huɗu dangi ne babba, kowanne da sunansa.

Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid, masanin lissafi na Iskandariyya, ya rarrabe su da tambaya biyu: shin tsawon gefunan ɗaya ne, kuma kusurwoyin digiri 90 ne? In duka biyun sun cika, murabba'i ke nan, irin hatimin malamai. In kusurwoyi kaɗai suka cika, mustaɗili ne, kamar ƙofar ɗaki. In kuwa gefuna ne kaɗai, to murabba'i ne da ya karkace, wanda Larabawa ke kira mu'ayyan.

Wannan na uku abin lura ne ga masu rabon gado. Gona mai mita 100 a kowane gefe, in murabba'i ce, hekta ɗaya ce cif. In kusurwarta ta matse zuwa digiri 30, rabin hekta ce, alhali igiyar da ta kewaye ta ba ta ragu da ko taku ɗaya ba.

Magina sun san maganin. Mai aza harsashi a Ƙanƙara yakan ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ya maimaita a sauran biyun. In gefuna masu fuskantar juna daidai ne, awon biyun kuma ya zo ɗaya, kusurwoyin sun tsaya digiri 90.