Masu Yi wa Sanda Takalmi a Sabha

Rumfar ba ta da allo, ba kuma don guragu aka kafa ta ba. Ƙofofi da tagogin ƙarfe ake ƙerawa a ciki, wani lokaci a ɗinke bodin Hilux da hamada ta tsaga. Tana wani lungu ne a gefen Gurda, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da suka haɗu suka zama Sabha, babban birnin Fazzan, sama da kilomita 700 a mota kudu da Tarabulus. Maigidan mutumin ƙasar Damagaram ne da ya daɗe a Libiya har Larabci ya zauna a bakinsa. Jikin rumfarsa akwai ta wani mai faci, Bakatsine. A tsakanin rumfunan biyu an ajiye benci, kuma da wuya hantsi ya yi ba ka tarar da wani zaune a kai ya miƙe ƙafa ɗaya, sandunansa biyu na hannun yaran shago ba.

Wanda ya san garin ba zai tambayi inda ake samun karyayyu haka ba. Hanya ce ta farko. Daga Agadas ake loda mutane a bayan Hilux, a bi ta Dirku da Madama da Tummo, a faɗo Gatrun, sannan Sabha. Na gefe suna zaune ne ƙafafu a waje, kowa ya rungume wani itace da aka kafa tsakanin cinyoyinsa. Gyangyaɗi ɗaya ya isa mutum ya faɗo, ko motar ta daki tudun rairayi da gudu. Bayan da Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya cikin dare, har zuwa Nuwamba 2023 da aka soke dokar. Sai kuma yaƙi. A faɗan Tubawa da Aulad Sulaiman na watan Maris 2012 kaɗai, gwamnati ta ce mutum 147 suka mutu, 395 suka jikkata. An sake gwabzawa a 2014 da 2018, kafin dakarun Halifa Haftar su shigo a Janairun 2019. Akwai waɗanda suka fito daga gidan bashi, inda ake tsare ɗan ci-rani ana dukan tafin ƙafarsa har sai 'yan'uwa sun turo kuɗi. A Afrilun 2017 hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton sayar da mutane a wannan gari. Ragowar su ne leburorin da suka rikito daga kan gini, da dattawan da ciwon suga ya ci musu ƙafa.

Asibiti yana yin nasa. A sa ƙarfe ko a naɗa siminti, a ce mutum ya nemi sanda. Ana samunta a kantin magani: ta alminiyom, mara nauyi, ko doguwar da ke shiga hammata ko gajeriyar da ke da zobe a damtse. Ranar da aka saye ta lafiya lau take. Matsalar tana farawa ne daga ƙasa, daga 'yar baƙar robar nan da aka tusa a gindinta, wadda ba wanda ke dubawa lokacin ciniki.

Robar an yi ta ne don daɓen asibiti. Sabha kuwa tsakuwa ce da kwalta mai ramuka, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana gasa ta, ga iskar gibli tana cusa ƙura a kowace kafa. Kuma sanda ba a miƙe take sauka ƙasa ba. Mai ita yana jefa ta gaba a karkace, ta miƙe lokacin da jikinsa ya zo daidai kanta, ta sake karkacewa a bayansa kafin ya ɗaga. Kullum gefe guda ne ke shan gurza. In gefen ya cinye, bakin bututun sai ya huda robar ya leƙo. Daga nan ƙarfe ne ke dukan ƙasa kai tsaye, kuma duk taku ɗaya girgizar tana hawowa ta tafin hannu, ta wuyan hannu, ta gwiwar hannu, ta tare a kafaɗa. Ƙafa an halicce ta da dunduniya mai kitse da gwiwa mai lanƙwasa don ta shanye irin wannan duka. Hannu kuwa ba don haka aka halicce shi ba, ga shi an ɗora masa nauyin mutum ɗungurungum.

Aikin Bakatsine ke nan. Yana zaɓen tsohuwar tayar ƙaramar mota, ba ta babbar mota ba, don waccan ta cika tauri. Ya yanko faifai daga wajen zanen, faɗinsa ya ɗan fi bakin kofin shayi. Ya yanko wasu faifai biyu ko uku daga tiyub, ya kankare fuskokinsu, ya shafa sholisho ya bari ya sha iska, ya jera su a kan na tayar. A saman duka sai ya ɗora wosha ta ƙarfe, wadda ita ce ke hana bakin bututun sake yanka robar. Yaron maigida ya kawo guntun bututu da aka yi wa walda da ɗan faranti, a ɗaure komai da noti, a nutsar da kan notin cikin zanen tayar don kada ya taɓa ƙasa. Kafin shayi ya nuna an gama. Su dai takalmi suke ce masa. Faifan tiyub ɗin nan su ne sirrin: suna lotsawa kaɗan in an taka, suna kuma barin sandar ta ɗan karkata alhali tafin yana kwance a ƙasa.

Ba a rasa inda yake gazawa. Tayar da ke riƙe tsakuwa gam ba ta riƙe jiƙaƙƙen tayil, kuma wurin da gurgu ya fi haɗuwa da jiƙaƙƙen tayil shi ne wajen alwala a masallaci. Bayan wani ya zame a can ya koma asibiti da karaya ta biyu, sai mai facin ya fara tsaga tafin da reza, gicciye da tsaye, don ruwa ya sami mafita. Ya rage, bai kawar ba. Har yanzu duk wanda aka yi wa takalmi sai an ja masa kunne: ya yi alwalarsa da buta a kan ƙasa.

Gardamar da ba ta ƙarewa a bencin ita ce ta sifirin. Wani yaron shago ya gani a Facebook ana tallar sanda mai sifirin a ciki, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Ya samo sifirin bawul na injin mota, ya yanke sandar daga ƙasa, ya zura ƙaramin bututu cikin babba, ya sa sifirin a tsakani. A ranar farko kowa ya yaba. Wani matashi ɗan Maradi da ya gwada ta ya ce rabonsa da ya taka ƙasa bai ji a haƙoransa ba tun kafin ya faɗo. Amma maigida bai ce komai ba, ya ci gaba da waldarsa.

Ya san abin da makanike ya sani. Mota tana da sifirin, tana kuma da shokazoba, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Sifirin yana karɓar duka ya ajiye, sannan ya mayar da shi. Shokazoba ce ke cinye shi. Sanda mai sifirin zalla tana lotsawa sannan ta cillo mai ita, kuma tsawonta yana canjawa a daidai lokacin da ya sakar mata nauyinsa. Ga matashi mai ƙarfin damtse wannan daɗi ne, har sauri yake ƙara masa. Ga dattijon da jiri ke ɗiba, tsoro ne: ƙasa ce yake ji tana guje masa. Sannan sifirin da ya dace da mai nauyin kilo 60 zai ƙule a ƙarƙashin mai 90, ya zama kamar babu. Abin da ya kashe maganar kuwa rairayi ne. Ya shiga tsakanin bututun biyu, aka sa giris, giris ɗin ya kama ƙura ya zama abin gurza, sandar ta fara ƙara tana girgiɗi. Yanzu in za a yi, sai an rufe mahaɗin da hannun tiyub ɗin babur, an kuma tusa guntun roba cikin sifirin don ya rage cillowar. Kuma ba kowa maigida ke yarda a yi wa ba.

Masu ƙera sanda a ƙasashen da ke da hali sun bi ta wannan hanya tuntuni. Wani injiniya Bafaranshe, Emile Schlick, ya yi rajistar sandar damtse a 1917, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ke dawo da samari gida da ƙafa ɗaya. A Amurka, A. R. Lofstrand ya fito da wadda ake ƙara wa tsawo a rage, har sunansa ya bi ta. Thomas Fetterman, wanda shan inna ta kama tun yana yaro kuma kafaɗunsa suka gaji da sanda, shi ya ƙirƙiro gindi mai wani abu mai danƙo a ciki da ke shanye girgiza. A Kanada, Sarah Doherty, wadda ta rasa ƙafa tana 'yar shekara 13 kuma ta hau manyan duwatsu da sanduna, ta kafa kamfanin SideStix tare da abokin aikinta. Sandarsu tana da shokazoba, da gindi mai juyawa, har da faffaɗan tafi na musamman don rairayi. Lura da cewa biyun ƙarshen nan su kansu masu dogara sanda ne. Sai dai kuɗin irin waɗannan ya fi ƙarfin lebura nesa ba kusa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar wani abin taimako irin su tabarau, keken guragu ko sanda, kuma kusan biliyan ɗaya ba sa samu.

A ganina masu rabon kayan agaji suna kuskure wuri ɗaya, a Fazzan ko a Arewa. Ana ƙirga sanduna nawa aka raba, a ɗauki hoto, a tafi. Sandar za ta yi shekaru, robarta ba za ta ga ƙarshen bazara ba. Da za a haɗa kowace sanda da 'yan robobin canji a leda, a kuma ajiye wa kantunan magani masu faɗin milimita 19 da 22 da aka fi amfani da su, da an ceci kafaɗu fiye da yadda duk wani sifirin zai ceta.

Juyi shi ne ɗaya matsalar, kuma an fi raina shi. Ɗakunan da 'yan ci-rani ke haya ƙanana ne, mutane jibge, banɗaki ƙuntatacce. Mai sanda yana yawan juyawa a wuri ɗaya. In gindin ya kama ƙasa bai juya ba, murɗawar a wuyan hannu take ƙarewa, ko kuma ta tsinke robar. An taɓa gwada ƙwallon tayarod na mota a rumfar. Ya juya ta ko'ina yadda ake so, amma nauyinsa ya sa hannu ya gaji kafin a kai bakin titi, kuma ya yi sako-sako har tafin yana kifewa kafin ya taɓa ƙasa. Abin da suka tsaya a kai ya fi sauƙi: wosha biyu masu santsi fuska da fuska, noti mai roba a ciki da ba ya kwancewa, a ɗaure shi daidai yadda takalmin zai juya in an murɗa da nauyi amma ba zai yi lilo a iska ba.

Wani abin kuma babu ruwansa da ƙarfe. Wani dattijo ya zo yana kukan yatsunsa sun mutu, hannun yana faɗuwa daga wuya, yana so a ƙara masa soso a kan sandar. Maigida ya ce ya miƙe ya gani.

“Baba, ai rataye kake a kanta. Hammata ba wurin ɗaukar kaya ba ne.”

“To ɗana, ba don a jingina aka yi ta ba?”

“A tafin hannu za ka jingina, Baba. Kawo in rage ta.”

Ya sauke ta rami biyu har yatsu uku suka shige tsakanin kan sandar da hammata, ya gyara mariƙin yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe. Jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu ta nan take wucewa, kuma danne ta kullum yana shanye hannun. Likitoci sun san wannan ciwo sarai. Maigida ya ce masa lalle ya koma asibiti a duba, don shi mai walda ne. Bai karɓi ko dirhami ba. Irin wannan gyara ba a biya, haka wanda ya fito daga gidan bashi. Ƙofofin Larabawa ne ke ciyar da bencin, in an sami wuta, don ɗaukewarta a kudancin Libiya ba labari ba ne, man janareto kuma a ƙasar mai sai an bi layi ko an saya a bayan fage.

Keken guragu na asibiti shi ne abin da suka kasa. Ƙananan ƙafafunsa na gaba, masu juyawa a kan boris, an yi su ne don lungunan ɗakin jinya. A rairayi sai su juya gicciye su nutse, keken ya tsaya cak, mai shi ya kusa kifawa. An gwada faɗaɗa su, an gwada na amalanke. Bakatsine ya ce wahalar banza ake, maganin yana Kano, inda ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, da manyan tayoyin keke da kowane mai faci zai iya gyarawa. Maigida ya ce a samo masa hotonsa ta gefe da ta baya, da awon tsawon sarƙar. An aika wa wani a Fagge ta WhatsApp, ana jira. Kafin nan yaran sun riga sun sayo gaban tsohon keke a wajen 'yan gwangwan, yana jingine bayan tulun gas.