In Akwatin Ba Da Wuta Ya Saɓa Awo

A ɗakunan koyon kimiyya na makarantunmu akwai wani akwati mai nauyi wanda ba a cika kula da shi ba sai ran da ya ƙi aiki. Shi ne ke karɓar wutar lantarki ta bango mai ƙarfin bolt 230, ya rage ta zuwa bolt 12 ko 5, ya mai da ita irin ta batir don yara su yi gwaji. Ba 'yan ƙananan nan na cajin wayar hannu mu ke nufi ba, su aikinsu dabam ne. Muna zancen mai taransifoma ne a ciki. Sau da yawa in mun je duba makaranta mu kan tarar an jingine biyu ko uku a kabad, yara kuwa suna karanta gwaji a littafi, ba su taɓa ganinsa da ido ba. In mun tambayi laifinsu, sai a ce an rubuta 12 a jiki amma 9 su ke bayarwa.

To, galibin irin wannan ciwo malami zai iya gano shi da mitar awo kaɗai, muddin dai ya bi wutar daga mashigarta har mafitarta, bai kama canza kaya da ka ba. Ya fara da mitar ita kanta, gama mita mai raunin batir ta kan yi ƙarya. Ya gwada ta a sabon batirin tocila, ya ga ta nuna 1.5 ko sama kaɗan. Sa'an nan ya cire duk abin da aka jona wa akwatin, ya sake aunawa. In awo ya koma daidai, watakila kayan da aka ɗora masa ne suka fi ƙarfinsa.

Amma fa a yi hattara. Ɓangaren da wutar bango ke shiga yana kisa, babbar kafasita kuma tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Wannan ba aikin da za a bar wa yaro ba ne.

Zango huɗu wuta ke bi a ciki. Taransifoma ya rage ta, dayod huɗu su hana ta kai da kawowa su sa ta fuskanci gefe guda, babbar kafasita ta cike gurabun da suka rage, sa'an nan mai daidaitawa, watau ɗan abin nan mai ƙafa uku da aka rubuta wa 7812 ko 7805, ya yanke rarar ya fitar da adadin da a ke so. Kowane zango yana da nasa awo. In taransifoma na ba da bolt 12, ƙololuwar wutar ta kan kai wajen 17, dayod biyu da ta ke ratsawa a kowane lokaci su ci 1.4, a sami wajen 15.6 a bakin kafasita. Shi kuwa 7812 ba ya iya aikinsa sai abin da ke shigo masa ya ɗara abin da zai fitar da kamar bolt 2, watau 14.

Ga inda mu ke so malamai su tsaya su yi lissafi. Tsakanin 15.6 da 14 ba rata mai yawa. In wutar gari ta faɗi daga 230 zuwa 200, abin da ba baƙo ba ne a garuruwanmu, taransifoma zai ba da 10.4 maimakon 12, kafasita ta tsaya a 13 da ɗan ɗori, mai daidaitawa kuwa ba shi da ikon ƙara abin da ba a ba shi ba. Mun san wani malami da ya canza 7812 har sau uku da kuɗin aljihunsa, alhali akwatin lafiyarsa lau. Da ya auna wutar bango tun farko, da bai yi wannan hasara ba.

In wutar bango ta cika, taransifoma kuma na ba da nasa, a tuhumi kafasita. Akwai ruwan magani a cikinta wanda zafi ke busarwa a hankali, zafi kuwa ba mu rasa shi. Alamarta ita ce awo ya yi daidai sa'ad da ba a jona kome ba, ya faɗi da zarar an ɗora kaya, in rediyo ce kuma a ji tana gurnani. Wani lokaci har kanta ya kan kumbura. Mutuwar dayod ɗaya ma ta kan kawo irin wannan, domin kafasita za ta riƙa samun ciko sau 50 a daƙiƙa maimakon sau 100. Wanda zai sa sabuwar kafasita lalle ya lura da ƙafar da ke da alamar ragi, don in an juya ta tana iya fashewa.

Akwai kuma akwatin da zai fara aiki sosai, bayan ɗan lokaci ya yanke. Wannan zafi ne. Duk rarar da mai daidaitawa ya yanke zafi ta ke zama, in ya yi yawa sai ya kashe kansa har ya huce. A duba ko ƙarfen shan zafi da aka ɗaure shi a kai ya yi sako-sako.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne awon da ya haura, gama shi ke ƙone kayan gwaji masu tsada. In an ga 15 inda a ke neman 12, a zare kome nan da nan. Ko dai mai daidaitawa ya ƙone wuta na wucewa kai tsaye, ko kuwa dalmar ƙafarsa ta tsakiya ta tsage, ya rasa abin da zai auna kansa da shi. A fara duba dalmar da gilashin ƙara girma kafin a aika kasuwa.