Gano Cibiyar Nauyin Mota Tun Tana Kan Allon Kwamfuta

A watan Oktoban 1997 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta yi wa sabuwar Mercedes A-Class gwajin kauce wa abin da ya tare hanya kwatsam, sai motar ta kife. Dole kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya rage mata tsayi daga ƙasa, ya sauya tayoyi, ya kuma sa mata na'urar daidaita tafiya ta ESP. Motar ta yi tsayi sama, ga ta marar faɗi, cibiyar nauyinta ta yi sama.

Cibiyar nauyi ita ce wurin da nauyin mota gaba ɗaya yake tattaruwa, inda da za a rataye ta daga nan ba za ta karkata ko'ina ba. Tsayin wannan wuri daga ƙasa shi ne abin tsoro. Tun 2001 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, take ba motoci maki a kan haɗarin kifewa, da lissafi mai sauƙi: tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba ta da ninki biyu na tsayin cibiyar. Motar da tazarar tayoyinta santimita 150 ce, cibiyarta tana santimita 55, za ta sami 1.36. Cibiyar ta hau zuwa 70, makin ya faɗo 1.07, kwanar da a dā ake sha lafiya ta zama ramin mutuwa.

A dā sai an ƙera samfurin mota kafin a san wannan adadi da tabbaci. A ɗora kowace taya a kan sikelinta, a ɗaga gaba ko baya, a duba yadda nauyi ya koma ɗaya ɓangaren, sannan a yi lissafi. Kafin nan inji ya zauna a mazauninsa, an kashe kuɗin kayan buga bodi, gyara ya zama asara. Tsadar nan na cikin abubuwan da suka kora kamfanoni zuwa ga manhajojin zane irin su CATIA, wadda kamfanin jiragen sama na Dassault ya fara a Faransa a 1977, da SolidWorks da ta fito a 1995. Manhajar ta san girman kowane ɓangare da aka zana. Injiniya ya gaya mata na ƙarfe ne, mai kilo 7,850 a kowace kubik mita, ko na alminiyam mai kilo 2,700, ita kuma ta haɗa nauyin dubban sassa da matsayinsu, ta nuna cibiyar nan take. Ya matsar da tankin mai, adadin ya sauya a gabansa.

Motocin lantarki sun ƙara wa abin ƙaimi. Batirin Tesla Model S ya kai wajen rabin tan, kuma shawarar shimfiɗa shi a ƙasan mota, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a kan zane ake yanke ta, ba bayan ƙira ba. Ɗalibai ma sun amfana, tunda manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce.

Sai dai akwai illar da nake ganin ba a cika faɗa ba. Manhaja ba ta auna komai, abin da aka ba ta take lissafawa. A SolidWorks, duk ɓangaren da aka manta ba a bayyana kayan da aka yi shi da su ba, nauyin ruwa ake ɗora masa, kilo 1,000, wato ƙarfe ya rasa kusan kashi bakwai cikin takwas na nauyinsa. Zanen inji ko giyabos da ya zo daga wani kamfani sau da yawa dunƙule ne marar rami a ciki, sai ya fito da nauyin da ya wuce na gaske. Ga wayoyi, da walda, da fenti, da ruwan lagireto, da man da ke kai-kawo a tanki, da fasinjoji: ba kullum ake zana su ba. Duk da haka allon zai nuna amsa da lambobi uku ko huɗu bayan ɗigo, kuma wannan tsaf-tsaf ɗin ne ke sa matashin injiniya ya saki jiki. Mai sikeli yana ganin motar da idonsa. Mai kwamfuta yana iya shekara bai taɓa ta ba.

Shi ya sa ba a yar da gwajin zahiri ba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta motocin bas ta nemi motar ta jure karkatar digiri 28 ba tare da ta kife ba, ta tankokin dakon mai kuma digiri 23.

Lissafin masana'anta kuma yana ƙarewa ne a ƙofar masana'anta. Babbar motar da aka shigo da ita Najeriya ko Nijar, aka ƙara wa bodinta tsayi a gareji, aka yi mata lodin buhuna har sama, mutane suka hau kan kayan, ta tashi daga motar da aka zana a Turai. A nan ne manhajar za ta fi yi mana amfani, domin maƙerin bodi zai iya ganin abin da ƙarin ƙarfe zai jawo kafin ya kunna injin walda. Kwalejojin fasaharmu su koya wa ɗalibai manhajar, amma kada malami ya karɓi adadin cibiyar nauyi daga hannun ɗalibi sai ya ɗora abin da ya ƙera a kan sikeli, an ga adadi biyun sun yi daidai.