Tsohuwar kwamfuta da sabon faifai: me ake gyarawa a cikin BIOS?

Manyan kwamfutocin ofis irin su HP Z420, wadda ta fito a 2012, har yanzu suna da ƙarfin aiki, shi ya sa masu haɗa bidiyo da masu zanen gine-gine ke sayen na hannu. Matsalar takan taso ne idan aka sa musu sabon faifan ajiya nau'in NVMe. Windows na ganin faifan, ana iya ajiye aiki a ciki, amma kwamfutar ba ta iya tashi daga kansa.

Dalilin yana cikin BIOS, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a cikin wani ɗan guntu a jikin allon kwamfutar. Ita ce ke fara aiki da zarar an kunna, ta nemo faifan da Windows ke ciki. An rubuta BIOS na waɗannan injuna kafin NVMe ya yaɗu, don haka ba ta san shi ba.

Ribar gyaran ba kaɗan ba ce. Faifan SSD na SATA yana tsayawa a kusan megabait 550 a daƙiƙa, na NVMe kuwa a ramin PCIe 3.0 yana kaiwa kusan 3500.

Mai gyara yakan fara da kwafe duk abin da ke cikin guntun, ya adana shi. Daga nan sai ya buɗe kwafin da manhaja irin UEFITool, ya ƙara wani ɗan sashe mai suna NvmExpressDxe, wanda ke koya wa BIOS karanta NVMe. Kamfanoni da yawa na sa wa BIOS hatiminsu, injin ya ƙi karɓar wadda aka taɓa. Saboda haka ake amfani da ƙaramar na'ura irin CH341A, a maƙala ta a kan guntun a rubuta kai tsaye.

A nan haɗarin yake. Idan wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, ko aka sa fayil na wani samfurin, kwamfutar ba za ta ƙara kunnuwa ba sai an mayar da kwafin farko. A lokacin zafi, da ɗaukewar wuta ke yawaita, bai kamata a taɓa wannan aiki ba sai da batirin ajiyar wuta.

Akwai hanya mai sauƙi ga wanda injinsa ne abin neman abincinsa. Ana sa manhajar Clover a kan kile USB, a bar ta a jikin kwamfutar. Injin zai tashi daga kile ɗin, ita kuma ta miƙa shi ga faifan NVMe, ba tare da an taɓa BIOS ba.

Sai dai kafin a kashe kuɗi a tuna cewa Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta amince da furosesan Z420 a hukumance ba. Sabon faifai ba zai warware wannan ba.