Ko Ka San Daga Dutse Ake Narko Ƙwaƙwalwar Wayarka?

Wayata ce ta ƙi tashi, na kai ta wurin wani yaro mai gyara a Gaya. Ya kwance ta, ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen yatsa ba, ya ce, "Baba, wannan shi ne mai lissafin. In ya ƙone, sai haƙuri." Na ce da me aka yi shi? Ya yi dariya ya ce roba ce. To, robar murfi ce kawai. Abin da ke ciki dutse ne.

Sunansa silikon, kuma daga farin dutsen nan mai ƙyalli da muke kira ƙanƙara ake fitar da shi, ɗan'uwan yashi. Yadda ake fitar da shi ɗin ne ya tsaya mini a rai. Ana zuba dutsen a tanderu tare da gawayi da guntayen itace, a ba shi wutar da ta kusa digiri 2,000, gawayin ya janye iskar da ke maƙale da shi, ƙarfen ya tsiyayo. Ai wannan narkar tama ce! Sana'ar kakannin mutanen Gaya ke nan, Abagayawan da aka ce sun bi tama har Dutsen Dala, maƙeran da labari ya ce su suka ƙera wa Bayajidda wuƙa. Bambancin, su zugazugi suke hurawa, waɗannan lantarki.

Sai tacewa. Ana wanke shi har ya zama a cikin ƙwaya biliyan da ƙyar a sami bare guda. Ka ɗauka an tsince gero buhu-buhu a kasuwar Ajingi, aka rasa tsakuwa ko ɗaya. Daga nan a mulmula shi kamar gungume, a yanyanka faifai-faifai masu faɗin santimita 30, a zana musu makunnai da haske. Mafi ƙanƙantarsu a Taiwan aka fi yin su.

Makunnin nan, taransista, abu biyu kaɗai ya iya: kunnawa da kashewa, wato 1 da 0. Duk karatu da waƙa da hoton biki da ke wayarka daga nan suke.

Yawansu fa? Ƙwaƙwalwar Intel 4004 da ta fito a 1971 tana da 2,300, aka yi ta mamaki. Wadda Apple ya sa a iPhone 15 Pro a 2023 tana da biliyan 19. Na zauna na buga lissafi: da wani ya fara ƙirga su ɗaya-ɗaya, kowace daƙiƙa guda, ba barci ba cin tuwo, tun ranar da Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano a 1463, da har yau bai gama ba. Saura masa kusan shekara arba'in.

In ka kai wayarka gyara, ka ce a nuna maka mai lissafin nan kafin a rufe.