Ɓarnar Fari a Ƙarƙashin Birnin Tawa

Idan aka ambaci fari a ƙasar Adar, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne geron da ya ƙone a gona da bisashen da suka faɗi a hanyar mashaya, kamar yadda aka gani a 1973 da 1984. Amma akwai wata ɓarna marar hayaniya da ke aiki a ƙarƙashin sawayen mutanen Tawa shekara da shekaru kafin ido ya riske ta.

Ruwan da Allah Ya taskace a cikin ƙasar nan iri biyu ne. Akwai na kusa, wanda ke kwance cikin rairayin kwaruruka irin su Tadis, daga gare shi rijiyoyin lambu da saiwoyin itatuwa ke sha, kuma damina ce kaɗai ke mayar da abin da aka ɗiba. Akwai kuma na nesa, wanda ba a cim masa sai an huda dutse ɗaruruwan mita, shi famfunan gari suka dogara a kai, alhali kuwa ajiya ce ta zamunnan da suka shuɗe, wadda ba ta ƙaruwa sai ƙalilan.

To, idan na kusa ya janye, lakar da aka aza harsashin gida a kanta takan ƙanƙance ta daddare, damina ta zo ta kumbura ta, har wannan kai da kawo ya tsaga bango tun daga tushe; kuma abin lura, maginin gargajiya yakan toshe tsagar ginin ƙasa da yaɓe, amma tsagar siminti sai da kuɗi masu yawa. Dogonyaron bakin titi ya soma bushewa daga sama. Mafi muni, tudun da fari ya mayar fako ba ya shan ruwa, sai ya turo shi kwari gaba ɗaya, ya zaizaye gindin kwalta, ya rusa katanga.

Maganin kuwa Adarawa sun riga sun jarraba shi da hannunsu. Tun daga 1984, a aikin Keita da ƙasar Italiya ta tallafa tare da hukumar FAO, mata suka yi ta dakon duwatsu a ka, aka datse ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. A wajen Illela kuma manoma suka haƙa tassa, wato ƙananan ramukan tara ruwan sama, a kan fako, har ruwa ya tasa a rijiyoyin da aka ɗebe musu tsammani.

A ganina wajibi ne mahukuntan Tawa su lissafa tuddan da ke kewaye da gari cikin kayan ruwan birni, daidai da famfo da tanki, su hana yanka filin gini a makwancin tabki, su kuma ɗora wa kowace unguwa amanar ban ruwan itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agusta har su ƙetare bazara.