Tsohuwar Kyamara, Sai An Gwada

Da yawanku kun sha ganina ran wasannin makaranta ina yawo da wani baƙin ƙarfe rataye a wuya. Har wasu sun laƙaba mini "Mai Hoto Ba Hoto", don in na ɗauki mutum ya ce in nuna masa, sai in ce ya dakata sai bayan mako uku. To, yau zan yi bayanin wannan ƙarfe, da yadda ake gane mai lafiya daga matacce, domin na tabbata akwai irinsa kwance cikin adaka a gidaje da dama.

Kyamarar ta kawuna ce. Yana cikin 'yan Nijeriya da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet cikin shekarun 1970, daga can ya zo da ita. Sunanta Zenit-E. An fara ƙera irinta a 1965 a garin Krasnogorsk, kusa da Mosko, kuma an yi miliyoyinsu. Nauyinta ya kusa kilo guda. Ba ta cin batir, ba ta da allo, kome nata da hannu ake yi. Ran da na tono ta na kai masa, dariya ya yi ya ce, "Ɗauka, ɗan nan, amma ita da fim take aiki, ba da surutu ba."

Fim wani siririn kirtani ne mai kama da leda, faɗinsa milimita 35, an shafe fuskarsa da sinadarin azurfa wanda haske ke sauya shi. Yana zuwa a naɗe cikin ɗan gwangwani, naɗi guda na ɗaukar hoto 24 ko 36. Ita kuwa kyamara, in ka bi ta a hankali, akwati ce mai duhu da abubuwa uku. Akwai ido, watau gilasan gaba masu tara haske. Cikin idon akwai ƙofar haske da ake faɗaɗawa ko a tsuke. Sa'an nan daf da fim akwai labule na baƙin ƙyalle, wanda ke buɗewa ya rufe in ka danna. A Zenit, mafi saurin buɗewarsa kashi ɗaya cikin 500 na sakan ne. Hasken da ya faɗa kan fim cikin wannan ƙiftawa shi ne hoto, amma ba ya bayyana sai an wanke fim ɗin cikin duhu da ruwan magani. Abin da ke fitowa shi ake kira nagatif, inda fari ke zama baƙi, baƙi ya zama fari, daga gare shi ake buga hoto.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na tara kuɗin kashewata na zango guda cur na sa aka aiko mini da naɗi ɗaya daga Legas, don a nan yanzu samun fim wuya gare shi. Babbar salla ta zo, dangi duk sun hallara a gidan kakarmu. Ita ba ta son hoto, sai da aka yi ta lallashi kana ta yarda ta zauna tsakiyar 'ya'ya da jikoki, ta ce sau ɗaya tak. Ni kuma don burga na hana kowa ɗaga waya, na ce yau hoton gaske za a yi. Na yi ta dannawa har washegari, lissafi ya kai 36, ya wuce, hannun ja bai cije ba. Na ce kai, yau na sami gyara! Bayan mako uku aka dawo mini da nagatif fari fat, ko inuwa babu. Ashe tun farko bakin fim ɗin ya suɓuce daga ƙugiyarsa, bai taɓa motsawa ba. Kafin wata salla ta zagayo Allah ya yi wa kakarmu rasuwa. Allah ya jiƙanta. Babu wanda ya yi mini faɗa a gidanmu, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi.

Kawu ne ya haɗa ni da wani dattijo a unguwarmu wanda ya shekara talatin yana sana'ar hoto kafin wayoyi su rufe masa shago. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa nagatif. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Ɗana, ka duba ɗan hannun nan na hagu kuwa lokacin da kake ja?" Na ce, "A'a, Baba." Ya nuna mini cewa in fim ya kama, duk sa'ad da ka ja hannun dama, ɗan hannun hagu da ake mai da fim cikin gwangwani da shi lalle ne ya juya shi ma. In bai juya ba, iska kake ɗauka. Abin da bai fi kallon sakan biyu ba! Daga ranar ya koya mini gwaji, ya ce kyamarar da ta shekara arba'in a ajiye ba a kai ta taro sai an yi mata tambayoyi.

Ana farawa ne babu fim a ciki. Ka buɗe bayanta, ka fuskanci taga, ka danna a kowace lambar sauri kana kallon labule. A lambar 30 za ka ga haske sosai, a 500 walƙiya kawai za ka gani. In duk ɗaya suke, ko labulen ya tafi yana jan ƙafa, to man da ke ciki ya daskare, sai mai gyara. Bayan haka ka shiga ɗaki mai duhu, ka cire idon, ka haska tocila ta gaba kana duban labulen ta baya. Ƙyallen nan an shafe shi da roba, in ya tsufa yakan tsattsage, sai ka ga 'yan ɗigon haske kamar taurari. Kowane ɗigo tabo ne a kan hoto.

Shi ma ido da tocila ake duba shi. 'Yar ƙura ba ta hana kome, kada ta firgita ka. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda ke yaɗuwa cikin gilashi kamar saƙar gizo, kuma in ta daɗe takan cinye fuskar gilashin. Laimar damina ke kawo ta, musamman in an bar kyamara cikin jakarta ta fata a ƙasan akwati. Ka murɗa zoben ƙofar haske kuma, ka ga ko 'yan ganyayen ƙarfen ciki suna tsukewa ba tare da liƙewa ba.

Kyamarata ta biyu Baba ne ya sayar mini, rabi kyauta. Pentax K1000 ce, ƙirar Japan, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997, kuma da ita ɗalibai masu yawa a duniya suka koyi hoto. Ciwon irinta dabam ne. Gefen murfinta na baya an liƙa siririn soso don tare haske, da tsufa sai ya narke ya zama kamar kwalta. Na kankare shi da tsinken sakace, na liƙa baƙin zaren ulu a gurbinsa. Ramin batir ma a duba, don batirin da aka manta a ciki yakan zubo ya bar koren tsatsa. A wannan kyamara ma'aunin haske kaɗai ke cin batir, ko babu shi tana ɗauka.

Ma'aunin Zenit ɗina kuwa ya mutu, haka yawancinsu suke yi in sun tsufa. Ban damu ba, don akwai tsohuwar ƙa'ida ta masu hoto. Kowane fim yana da lambar da ke nuna ƙarfin jin haskensa, 100 ko 200 ko 400. In rana ta take, ka sa ƙofa a 16, ka sa saurin labule a lambar da ta fi kusa da ta fim, watau 125 ga fim mai 100. In hazon hunturu ya rage rana, ka koma 11. In hadari ya rufe, 8. A inuwar darbejiya, 5.6 ko 4. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kuma kowane taki guda ninka hasken yake yi.

Akwai wani abu da ya shafe mu nan ƙasar wanda Baba ya ja mini kunne a kai. Ma'aunin haske ba shi da wayo, kome ya gani so yake ya mai da shi ruwan toka. In ka auna dattijo cikin farar babbar riga, ma'auni zai ga haske ya yi yawa ya ce ka tsuke ƙofa, sai riga ta fito da kyau, fuska kuwa ta dulmuye ƙarƙashin hula. Maganinsa ka matsa kusa ka auna fuskar, ko ka ƙara buɗe ƙofa taki guda. Ni dai a ganina gara ma a bar hoton tsakar rana, a jira la'asar sakaliya.

Gwaji na ƙarshe shi ne naɗi guda na sadaukarwa. Ka ɗauki bango, da akuya, da ƙanenka, a rana da inuwa, kana rubuta lambobin da ka sa cikin littafi. In aka wanke, nagatif zai faɗa maka gaskiya: jan tabo ko fari a gefen hoto haske ne ke satar shiga, rabin hoto baƙi labule ne ke makara. Na san akwai ciwo a kashe kuɗin fim kan akuya, amma ni na ɗanɗana ɗaya ciwon.

Wankin fim baƙi da fari ana iya yinsa a gida, Baba ya nuna mini da tsohon tankinsa. Wahalar ita ce ruwan magani digiri 20 yake so, alhali kuwa ruwan famfonmu a watan Afrilu ya wuce nan nesa, sai mun sa ƙanƙara muna aunawa. Fim ɗin da ba a taɓa ba shi ma zafi na ɓata shi, don haka nawa yana firji kusa da kayan miyar Inna, ba da son ranta ba. Har yanzu ana yin sabon fim: Kodak a Amurka, Ilford a Ingila, Foma a ƙasar Cek. Abin mamaki, wani injiniyan Kodak ɗin ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ga shi irinta ce ta durƙusar da kamfanin har ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012.

Roƙona ga iyayenmu shi ne, in kun ci karo da irin wannan ƙarfe, kada ku miƙa wa 'yan gwangwan. Ku cire batir, ku fitar da ita daga jakar fata, ku ajiye inda iska ke shiga. In kun ga alamar akwai fim a ciki, kada ku buɗe bayanta, don wataƙila hoton wani ne ke jira tun kafin a haife mu. Haka nan tsofaffin nagatif da ke cikin ambulan, ko hoton ya ɓace ana iya sake bugawa daga gare su. Cikin na Kawu ne na sami kakarmu tana tsaye a ƙofar ɗakinta, da sauran ƙuruciyarta, tana kare fuska da hannu. Duk mai kyamara a gida yana iya aiko da ita ran Alhamis bayan tashi, zan zo da tocila, mu duba tare a bakin ɗakin kimiyya.